Na Ƙone Ƙahon Farautar Babana

Edita, lokacin da na yi wannan aika-aika ni malamin sakandare ne a Kafanchan, kuma sabon dattijon ikilisiya. Kaina ya kumbura, ina ganin daga Fasto sai ni. Babana kuwa tsohon maharbi ne a ƙauyenmu, gindin dutsen Kagoro. Shi ke busa ƙaho bayan girbi, maza su fito a hau dutse farauta. An yi masa baftisma tun ba a haife ni ba, ba ya fashin sujada, amma ni kunyarsa nake ji. In abokaina suka raka ni gida suka ga kwari da baka da fatu da ƙahon nan rataye a ɗakinsa, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi a asibiti, na hau babur na je na kwaso kayan kaf na tara a tsakar gida. Mama ta riƙe mini riga tana kuka, tana cewa babu tsafi a ciki, ƙahon na kakana ne, in bari mai kaya ya dawo. Ina! Na zuba kananzir na cinna wuta, har da waƙar yabo. Da aka sallamo shi ya tsaya ya dubi ƙusoshin bango. Bai zage ni ba, bai tambaya ba. Bai sake hawa dutse ba, ya koma zaman gindin mangwaro, ni kuwa ina ta ba da shaida wai na tsarkake gidanmu.

Shekaru suka shuɗe. Bara na kai wayata wurin masu tura fim a kasuwa. Cikin abin da suka zuba mini akwai wani ƙaramin fim na Turawa, ba faɗa, ba kiɗa, har na kusa gogewa. Labarin masu wasan hawan bijimi ne, mutum ya maƙale a bayan bijimi har ya kayar da shi. Akwai wani tsoho a ciki, jiki duk ya kakkarye, aikinsa yanzu buɗe wa matasa ƙofar shinge, amma kowace safiya sai ya shafa wa tsohuwar igiyarsa ta hawan bijimi mai. 'Yarsa ta ce ya jefar da tsumman nan. Sai ya dube ta kawai. Wallahi kallon da Baba ya yi wa ƙusoshin nan ne. Na ajiye wayar na yi kuka kamar an yi mini rasuwa.

Na nemi ƙaho har Kauru, na saya wurin wani maharbi, na kai masa. Ashe na makara, tsufa ya riga ya cinye masa tunani. Ya ɗauke ni baƙo, ya yi mini sannu da zuwa. Ya karɓi ƙahon ya kai baki, numfashi bai isa ba. Sai ya miƙo mini da sauri, ya rage murya, ya ce in ɓoye shi maza kafin ɗansa malami ya zo.

Na durƙusa na roƙi gafara, bai san me nake cewa ba. Ina koya wa mutane cewa Allah yana gafartawa, kuma na gaskata, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. 'Yan'uwa masu karatu, kafin ku kira abin tsohonku ƙazanta, ku zauna ku tambaye shi tun yana iya amsawa. Ni kowace Asabar ina zuwa in zauna kusa da Baba, shi kuma yana leƙen hanya yana tsoron zuwana.