Mai Magagari a Kasuwar Buza

Ina cikin tayin tattasai, sai na waiwaya na ga wani baƙo riƙe da haɓar ɗiyata Ramatu, yana leƙa bakinta. Farkon shekarun tamanin ne, tana da shekara takwas. Haƙoranta na sama sun turo gaba, har 'yan lakwal, yaran makarantarsu, suna yi mata dariya.

Ya buɗe akwatinsa, ya fiddo magagari irin na maƙera.

"Uwar ɗiya, bari in goge mata su yanzun nan su daidaita. Ɗiyan garin ga duk haka bakinsu yake."

"Malam, wa ya koya maka aikin ga?"

"Gado na yi."

"To cikin ɗiyanka, nawa ka goge ma?"

Sai ya shiga gyaran hula. Na janye ɗiyata. Wasu mata biyu suka ce boko ya ɓata ni, suka tura mishi nasu.

Washegari na kai ta wurin likita. Ya ce lalle yara da yawa haƙoransu ba sa hawa daidai, amma abin da aka goge ba ya komowa. A hana ta tsotson yatsa, in ta ƙara girma a Yamai ake sa wayar daidaita haƙora.

Ba mu samu zuwa Yamai ba. Yau Ramatu na da jikoki, haƙoranta na nan a ture kaɗan, tana shan rake da su.

Iyaye, bakin yaro ba wurin gwaji ba ne. Ku da aka taɓa miƙa ku ga irin mutanen nan, ya kuka ƙare?