Ciwon da ya ɗauke Inna yana da suna

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya rabon da ku ji ɗuriyata a nan, har masu sayen masata sun fara tambayar maigida ko na koma Zariya. Ina nan ƙasar waje, a unguwarmu ta Hay el-Sabi', da raina, kuma yau zan faɗi abin da ya ɓoye ni.

Ina wanka na taɓa wani ƙullutu a mamana na hagu. Ba ya ciwo, sai na share shi wata biyu. Sai da maigida ya ɗaure fuska na bi shi asibiti a unguwar Abbasiya.

Hoto, gwajin jini, allurar ɗibar tsoka, jiran kwana goma. Ciwon daji ne.

Na ji tsoro, ba zan yi muku ƙarya ba. A bas na yi kukana har gida.

Kafin a fara magani aka tura ni wurin wata ma'aikaciya mai cike takardu. Ta ce bayanin duk mai wannan ciwo yana shiga rajistar ƙasa: shekaru, irin ciwon, matakin da ya kai. Da shi masu bincike ke gane wa ya fi kamawa da maganin da ke aiki. Na ce tamam, rubuta.

Ta ce, "Mahaifiyarki tana raye?"

"Ta rasu."

"Me ya yi sanadi?"

"Kwananta ne ya ƙare."

Ta ajiye biro ta dube ni. "Ya habibti, kowa kwanansa ke ƙarewa. Ba ni da layin da zan rubuta wannan."

Haushi ya kama ni, amma gaskiyarta. Mu a gida "ta yi jinya, ta cika" ake cewa, mai tonawa kuma a ce ba shi da tawakkali. Shekarata goma sha uku lokacin da Inna ta rasu. Abin da na sani kawai, ana shiga ɗakinta da ruwan zafi ana kore mu.

Likitata ta ƙara min bayani. Daga irin waɗannan bayanai aka gane cewa idan ciwon yana bin dangi yakan zo da wuri, shi ya sa ake duba 'yan'uwa mata. Nan take ƙanwata Rakiya ta faɗo min a rai, tana Zariya da goyo.

Na kira Goggo, wadda ta yi jinyar Inna, na tambaye ta wane ciwo ne ya ɗauke ta.

"Ke kuma me ya kai ki tone-tone bayan shekara ashirin?"

"Goggo, ciwon daji ne a jikina. Kuma ga Rakiya."

Ta ce, "Dajin mama ne, na dama. Haka ma kakarku. Mun ce kada mu tsorata ku."

Washegari na koma aka gyara takardar.

Sai tiyata, sai ƙarin ruwan magani sau shida. Gashi ya zube, abinci ya koma kamar toka a baki. Maigida ya koyi tuƙa tuwo, gudaji kamar tsakuwa, na ci na yi godiya.

Rakiya kuwa cewa take, "Yaya, ni lafiyata lau." Na hana ta sakat, daga kan gadon asibiti ma kiranta nake, har ta gaji ta je aka duba ta. An samu ɗan ƙaramin ƙullutu, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. An cire tun bai yi nisa ba.

Makon jiya likitata ta duba sakamakona ta ce, "Khalas, an gama, sai dai ki riƙa zuwa ana duba ki." Alhamdulillahi. Na gode wa maigida, da matan unguwa da suka riƙe min gida, da wannan baiwar Allah da ta ƙi rubuta amsata.

Shawarata: ƙullutu ko ba ya ciwo, a je a duba. In an miƙo takarda, a faɗi gaskiya, wata da ba ki sani ba za ta amfana. A kuma tambayi manya tun suna raye.

Jiya na zaunar da 'yar farina, shekararta goma sha uku, na faɗa mata sunan ciwona da na kakarta. Ta ce, "Umma, ni ma?"

Na ce, "Ban sani ba. Amma ke kin san abin da za ki faɗa wa likita."