Yadda Muka Ƙwato Lallen Iya

Da hantsin wata Asabar, a tsakiyar daminar da na shiga aji huɗu, Baba ya fito da gatari a kafaɗa ya nufi bishiyar lallen da ke bayan madafinmu a Tudun Wada. Ina tsugune ina wanke-wanke sai na ga Iya, mahaifiyarsa, ta yar da tsintsiya ta sha gabansa. Lallen nan da hannunta ta dasa shi tun tana amarya, ga shi yanzu soyayya ta lulluɓe shi, wato ciyawar nan rawaya mai kama da taliya, wadda ba ta da ganye balle saiwa. Baba ya ce ai lallen ya riga ya mutu, in an bar shi kuma ciyawar za ta haura kan lemun tsami. Iya ta ce, "Ka ba ni zuwa kaka. In bai tashi ba, ni zan miƙo maka gatarin."

Ba wanda bai san yadda ciyawar ta shigo ba. 'Yan matan layinmu kan tsinko ta a shingayen unguwar Kongo, su ambaci sunan saurayi, su wurga ta kan bishiya. In ta kama, wai shi ma yana ciki. Lallen Iya kuwa ya leƙo ta kan katanga, sai ya zama wurin gwajin kowace mai kokwanto. Yayyena maza sun sha fizge ta da ƙarfin tsiya su watsar nan gindin, kafin a ce me ta dawo har ta fi da.

Iya ta zaɓe ni domin yatsuna sirara ne. Ta nuna mini ƙananan haƙoran da ciyawar ke kafawa a jikin reshe tana shan ruwansa, ta ce ko guntu aka bari zai sake miƙewa. "Ba a fizgar ta, warware ta ake yi," in ji ta. Kullum na dawo daga makaranta, yayin da ƙawayena ke 'yar gala-gala a waje, ni ina can cikin ƙaya ina warwara. Reshen da ta cije sosai mu datse, komai kuma sai cikin murhu, tun kafin ta yi fure ta zubar da iri. Iya ta zuba kashin awaki a gindin, sannan ta kafa kujerarta a ƙofar gida. Duk yarinyar da ta doso da abu rawaya a hannu sai ta ji, "Je ki tambaye shi da baki, ki bar mini lallena!"

Lallen ya koma tsirara, yayyena na ta yi mana dariya. Ana fara yankan gero kuwa sai ga tofo ko'ina, kore shar. Na yi tsalle na yi ihu har awaki suka firgita. Iya ta daka ganyen farko ta ƙunsa mini hannu da ƙafa, washegari na je na baza wa Baba tafukana jawur. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, Iya, kun ci." Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Yau an malale tsakar gidan da siminti, 'ya'yana kuma lallen kanti suke matsawa daga leda. Kwanan baya muna jiran keke napep na ga soyayya a wani shinge, ban ankara ba yatsuna sun fara warwara, har 'yata ta ce, "Mama, ana kallonki fa." Iya ta daɗe da rasuwa, amma hannuna bai sani ba.