Muryar Baba a Cikin Hoton Ruwa

Shekarun baya, 'yan watanni bayan mahaifiyata ta fita takaba, na je ƙauyenmu da ke gefen Baturiya na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Muka gaisa, ta tambayi mutanen Haɗeja. Can, ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce, "Ka san muryar babanku ta fara ɓace min? Fuskarsa ina ganinta sarai. Amma in na so in tuna yadda yake sallama in ya dawo daga ruwa, sai in ji ta ƙaninsa."

Inna ba mai bayyana abin da ke ranta ba ce, shi ya sa maganar ta sokar min zuciya. Nan take na ce, "Inna, ai ina da muryarsa a kwamfuta. Zan kawo miki." Na faɗa da ƙarfin gwiwa, irin na wanda bai duba ba tukuna.

Mahaifina masunci ne, kuma yana noman shinkafa a fadama. Wayoyin da ruwa ya ci masa Allah kaɗai ya san adadinsu. Duk wadda ta faɗa ruwa, sai ya zare memorin ya ƙulle a leda ya kawo min Haɗeja, ya ce, "Juye min a injinka kafin ya ruɓe." Ni kuwa sarkin tsari, sai in buɗe folda in zuba. Akwai "Wayar Baba", a cikinta akwai "Wayar Baba sabuwa", a cikin wannan akwai "Bayan ambaliya", akwai wata wai ita "Kar a goge", wadda ni da na raɗa mata sunan ban san abin da ke ciki ba. Folda cikin folda, kamar kwanukan jere.

Na fara bi ɗaya bayan ɗaya da hannu har idona ya yi ja. Abokina da muka yi karatun kwamfuta tare ya same ni a haka, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai da ka iya Python, yaren ba kwamfuta umarni? Ga jaki a ɗaure, kai kana ɗaukar kaya a ka!"

Gaskiyarsa. Kowane fayil yana da 'yar wutsiya a ƙarshen sunansa da ke nuna irinsa, na sauti daban, na hoto daban. Na rubuta 'yan layuka na umarci kwamfutar ta shiga babbar foldar, ta leƙa kowace folda da ke cikinta har ƙasa, duk fayil ɗin da wutsiyarsa ta zama mp3 ko amr ko opus ta kwafo shi wuri guda. Kafin shayina ya huce ta gama. Na ga tulin sautuka, na ce a raina abin nema ya samu.

Na yi kwanaki ina saurare. Na ji wa'azi, na ji karatun Alƙur'ani, na ji dillalan kifi daga Kafin Hausa suna cigiyar bandar tarwaɗa, na ji 'yan uwa suna sanar da suna da biki. Har kaina na ji, ina ce masa ya daina sa waya a aljihun gaba in zai shiga kwale-kwale. Kowa ya yi magana a wayar Baba, ban da Baba. Sai a lokacin na tuna bai taɓa yarda da saƙon murya ba. Cewa yake, "Yaya zan yi wa mutum sallama bai amsa ba, in ci gaba da zuba?" In yana da magana, kira yake yi.

Ban taɓa jin nauyin hanyar gida kamar na ranar da na koma ba. Na ɗauki kwamfutar ne kawai don Inna ta ga na yi ƙoƙari. Bayan la'asar na zauna gefen tabarmarta na gaya mata gaskiya. Ta ce, "Ba komai. Allah ya kai haske kabarinsa." Sai ta koma lallashina, abin da ya fi komai yi min ciwo. Ta ɗan yi murmushi ta ce, "Ikon Allah, mutumin da ko hoton gona zai ɗauka sai ya yi ta surutu da wayar, a ce babu muryarsa."

Na ce, "Surutu kuma, Inna?"

Ta ce, "Mana. Ya zo ya nuna min, ruwa na motsi, shi yana ta bayani."

Ashe Baba in ya tashi ɗaukar hoto, jan maɓallin bidiyo yake dannawa. Na sha ganin waɗannan fayilolin ina wucewa, don a ido hoton ruwa ne da ciyawa kawai. A nan kan tabarmar na goge wutsiyoyin sauti a cikin layukan, na sa na bidiyo, wato 3gp da mp4, na sake sakin kwamfutar cikin foldodin.

Na buɗe na farko. Ruwa ya shanye rabin shinkafa, ciyawar kacala ta tsaya tsaf a gefe, ga babban yatsansa ya tare kusurwa. Sai murya ta fito, da 'yar kaushin nan tata: "To, ga inda ruwan ya kawo yau. Jiya bai kai wancan turken ba. Kai, tsuntsayen nan jan baki, ku ji tsoron Allah, ku bar min ko na iri!"

Faifan da ke cinyar Inna ya zame. Ba ta ko kalle shi ba.

Muka yi ta buɗewa. Babu fuskarsa ko a ɗaya, sai ruwa da tsuntsaye da bakin kwale-kwale. A wani, rana ta yi ƙasa, ana jin filafili na taɓa ruwa. Ya nuna 'yan kifayen karfasa a ƙwarya ya ce, "Na yau ke nan, alhamdu lillahi. Ga ni nan tafe. Allah ya sa an rufe min tuwona."

Inna ta ce, "An rufe, Malam."

Haka ta faɗa, a hankali, yadda ta saba amsa masa daga ɗaki. Na juya na shiga kallon katanga, don ba na so ta ga idona.

Na zuba mata su duka a wayarta, na nuna mata inda za ta danna. Tun daga lokacin na rubuta irin waɗannan layuka ba iyaka a wurin aiki, ina tattaro takardu da hotunan mutane, amma ban sake ɗaukar fayil a matsayin tarkace ba. Har yau in na ga folda mai sunan shirme a kwamfutar wani, ba na yi masa dariya, kuma ba na bari ya goge sai ya buɗe.

Kwanan baya na tambayi Inna ko tana sauraren sauran. Ta ce a'a, wancan ɗaya take sawa, in magariba ta gabato. Na ce me ya sa shi kaɗai? Ta ce, "A sauran yana gona. A wannan yana hanyar gida."