Direban da malam-buɗe-littafi ke yi wa rakiya

Ƙanena direban babbar mota ne, kuma a iya sanina gardama ɗaya ya taɓa faɗuwa, ita ma a hannun mai wankin mota.

Duk shekara akwai lokacin da malam-buɗe-littafi ke keto hanya dubbai, masu ruwan goro da ɗigon baƙi, duk sun miƙe gabas ko arewa kamar an aike su. Ƙanena ya rantse shi suke yi wa rakiya. Wai akwai ma wata mai yagaggen fiffike da ta gane shi, tana binsa ƙasa bayan ƙasa. Mai wankin mota ya ajiye sosonsa. Ya sa tsinke ya sakato wata busasshiya daga ragar gaban motar, ya miƙa masa.

"Direba, ga budurwar taka. A yi haƙuri."

Mako guda ƙanena bai ci abinci a tasha ba don kunya.

Haka ya tsufa a kan sitiyari. Gida kuwa baƙo ne: ya shigo da warin man inji, ya yi barci a kujera da takalminsa, ya soki labule, ya fice. Yanzu ido ya yi rauni, har ya taɓa tsayawa ya gaida turken lantarki. Sai iyali suka taru a falo don a karɓe makullin motar a ba babban ɗansa. Ni aka kira a matsayin yaya, na zo kallo.

Ya damƙe makullin a aljihu. "Ƙwaro ma yana ƙetare hamada da teku. Ni za a zaunar?"

'Yarsa malamar makaranta ta gyara zama. "Baba, ai wanda ya tashi ba shi ke isa ba. A hanya suke yin ƙwai su mutu, 'ya'yan da suka bari a hanya su ƙarasa tafiyar."

Matarsa ta ce, "Ka ji ko? Ba wa yaro."

Ƙanena ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya sosa gemu.

"'Ya'yan hanya ke ƙarasawa? To madalla. Ku bar ni in yi zagaye ɗaya in tattaro nawa, sai a zaɓi mai tuƙin a cikinsu."