Sajan Mai Shagon Zane

"Ni fa ba kurtu ba ne, Sajan! Mai zane ne!"

"Rage murya, Dogo. Nan wurin aiki ne."

Ƙanwar Sajan ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki. Bangon da ya raba shagonta da na yayanta katako ne, ko tari aka yi sai ta ji.

Da Sajan ya ajiye kaki ne ya buɗe shagon zanen hotuna, ya tara masu zane huɗu. Bai taɓa ci kafin su ci ba. In mai kaya ya zo da masifa, shi ke tare ƙofa ya shanye zagin. Amma da tsarin bariki ya zo: ba mai yin hoto shi kaɗai. Wani ya zana sararin sama, wani tufafi, wani fuska, gobe a yi musanya. Kowa ya iya aikin kowa, in ji shi, don in ɗaya ya faɗi a ci gaba.

Hotunan suna fita a kan lokaci, tsaf, sai dai duk fuskokin kamar uwa ɗaya ta haife su. Masu saye suka fara ja da baya. Dogo kaɗai ke zana ido ya kalle ka, shi kuwa yau an ba shi fentin kujerar da ke cikin hoton.

"Hoto ɗaya na roƙa, daga farko har ƙarshe. Ɗaya!"

"In ka kwanta ciwo fa? Wa zai ƙarasa?"

"Sai ya jira ni!"

Ita ta san ba ciwon Dogo ne damuwar Yaya ba. Tun da ya dawo daga yaƙi a daji babu abokin da ya fi dogara da shi, bai sake yarda wani ya zama wanda ba a iya maye gurbinsa ba. Ta sha shirya yadda za ta faɗa masa, in ta ga fuskarsa sai ta tambaye shi ko ya sha magani.

Ta ji ana zuba burushi a jaka. Ta fito da zare a hannu.

Dogo ya riga ya kai bakin titi. Sajan na tsaye a ƙofa, ƙafafu a haɗe, hannaye a baya.

"Yaya, kira shi mana. In babu shi, babu shagon nan."

Bai juyo ba.

"Auta, ni umarni kawai na iya. In na ba shi, ba zai tsaya ba."