Ƙayar karfasa a bakin faranti

Wasu shekaru can baya, lokacin da mutane ke ta kwararowa Yola da abin da hannu ya iya ɗauka, wata mata 'yar Borno da ƙaramar 'yarta suka sauka a ɗakinmu na baya a Jimeta. Mijinta masunci ne. Ranar gudu ya ce su yi gaba zai biyo su, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mu masu zuwa coci ne, su masu salla, amma wannan bai taɓa zama abin magana ba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne cikin yarinyar.

Kullum zawo, ciki a kumbure, ƙafafu kamar kara. Mun sha zaryar asibiti kafin wani likita ya gano cewa jikinta ba ya karɓar alkama ko kaɗan. Kayan agajin da suke samu kuwa yawanci taliya ce da fulawa. Ni ma ba gwana ba ce, malamar makaranta ce da ke dawowa a gajiye ta haɗa burodi da shayi ta kira shi abincin dare. Maigidana ya sha faɗa cewa don halina ya aure ni, ba don tukunyata ba.

Muka daina ba ta alkama, zawo ya tsaya, amma ta ƙi cin komai. Kunu ma kurɓa ɗaya ta ture. Likitan ya gaya mana ƙarara cewa in ba ta fara ci ba, ko zazzaɓi kaɗan zai iya tafiya da ita. Da na matsa wa uwar da tambaya, sai ta ce a gida ba abin da yarinyar take so kamar kifi.

Nan fa na zage damtse. Na sayo tsokar giwan ruwa, fara tas, na bi ta da yatsa na zare duk wata ƙaya. Na shafa lemon tsami da gishiri da 'yar tafarnuwa, ban sa barkono ba, na birgima ta cikin garin shinkafa maimakon fulawa, na soya a man gyaɗa. Kafin dankali ya dahu na gama. Na kai mata ina jin kaina kamar mai gidan abinci.

Ta tona kifin da yatsa, ta juya shi, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Malama, ina ƙayar?"

Na ce na cire mata duka, ta ci hankali kwance. Sai ta ture farantin, hawaye suka yi ta zuba ba ko sauti. Gaskiya raina ya ɓaci, don kifin nan ko a bikina ban ci irinsa ba.

Uwar ta biyo ni kicin ta ba ni haƙuri, ta yi mini bayani. Kowace yamma in baban ya dawo daga ruwa, yakan ɗora yarinyar a cinyarsa, ya riƙa zare ƙaya yana jera su a bakin faranti, yana ba ta tsokar a baki. Sai ta ga ƙayar a jere take buɗe baki. Uwar ta ce ta taɓa gwadawa da kanta, amma ta kasa.

Washegari maigidana ya biya ta wajen masuntan tafkin Njuwa ya sayo karfasa, wadda ƙayarta ba ta ƙarewa. Na yi mata irin suyar jiya. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, bai kira yarinyar ba, ya dai fara zare ƙaya yana ajiyewa a bakin faranti. Ta daɗe tana leƙensa daga bakin ƙofa. Can ta tako a hankali ta tsuguna kusa da shi.

"Bappa, ba haka ba ne. Manya a nan, ƙanana a nan."

Ya gyara yadda ta ce. Ta buɗe baki. Ranar ta cinye kifin har da dankalin, ni kuwa na shige kicin wai zan duba wuta, alhali na riga na kashe ta. Amma ba ta hau cinyarsa ba, kuma har suka bar gidanmu ba ta taɓa hawa ba.

Ta yi kumari, ta soma wasa da yaran unguwa. Daga baya 'yan uwan uwar suka zo suka tafi da su Maiduguri. Mun ɗan jima muna waya, sai wata rana lambar ta daina shiga. Ban san ko baban ya dawo ba. Yanzu ta isa budurwa, ƙila mu haɗu a hanya in wuce ta ban gane ta ba, kuma wannan tunanin yana ci mini rai sosai. Ina kewarta.

Har yau wannan girkin nake yi in na dawo a makare, garin shinkafa da karfasa, ko da yake 'ya'yana lafiya lau suke cin burodi. Su ma ba sa taɓa kifi sai babansu ya jera ƙayar, manya a nan, ƙanana a nan. Sun ɗauka al'adar gidanmu ce. Kwanan baya ɗan autana ya tambaye shi wa ya koya masa haka.

Maigidana ya ajiye ƙayar da ke hannunsa a inda ya dace.

"Wani masunci ne," in ji shi. "Ban taɓa ganinsa ba."